Harafi Ɗaya a Wasiƙar Likita

Ban taɓa mantawa da ranar da harafi ɗaya ya hana ni cin abincin rana ba. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wani ofishin ba da shawara a unguwar Moss Side da ke Manchester, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana ta janye wa marasa lafiya tallafi. Aikina shi ne in haɗa takardun ɗaukaka ƙara, lauyarmu Misis Holt ta tsaya a kotu.

Baba Sule dattijo ne daga unguwar Handsworth a Birmingham. 'Yarsa ce ta kawo shi Manchester, don a ofishinmu ne ake da mai jin Hausa. Ciwon baya ya ci ƙarfinsa, amma da masu tantancewa na gwamnati suka tambaye shi, sai ya ce da sauƙi. Suka rubuta lafiyarsa lau, aka janye matar da ke zuwa kula da shi.

Likitansa na Birmingham ya rubuto cewa Baba ya zama "enured" ga ciwo. Ni kuwa a bayanin da na rubuta wa kotu "inured" na sa, yadda na koya: mutum ya saba da wahala har ya daina kuka da ita. Sai da takardu suka tafi na lura. Kwamfuta ma ta ja wa kalmar likita jan layi. In alƙali ya ɗauke ta kuskure, hujjarmu ta raunana, ga zaman kotu ya matso, samun wata wasiƙa kuwa sai an yi makonni.

Na je wurin Misis Holt na nuna mata.

Ta ce, "Kin taɓa wasiƙar?"

Na ce, "A'a. Amma na so in gyara kwafinmu."

"Gara da ba ki yi ba."

Ta jawo tsohon ƙamus ta nuna min. Duka biyun daidai ne, mai "e" ɗin ma tsofaffin lauyoyi sun fi amfani da ita. Na zauna a kujera ina ajiyar zuciya.

Ranar zama, layin nan na likita alƙali ya karanto, na fassara wa Baba, sai alƙali ya ce in tambaye shi yaushe rabonsa da sa takalmi da kansa. Wannan karon Baba ya faɗi gaskiya, ya ce ya daɗe bai iya ba. Aka mayar masa da mai kula da shi.

A bakin ƙofa Baba ya ce min, "'Yata, ashe Turawa ma sun san wannan halin na shanye ciwo, har sun raɗa masa suna?"

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku gyara takardar wani sai kun tambaya. Kuma mutanenmu ba sa kai kuka da wuri. Sai an zauna da su.