Ranar da Tanko Ya Sauka Daga Kan Hadari

Duk abin da tsufa ya kwashe mini, ban taɓa mantawa da ranar da Tanko ya sauka daga kan Hadari ba. Ku da kuke barga yanzu kun sha jin sunan a bakina. Yau ku ji yadda aka yi.

Shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai, ana cikin ginin masaƙa a Kakuri. Ina aiki a Makera, a bargar wani Bature manajan kamfani da muke kira Mai Lofe, don tabarsa ba ta barin bakinsa. Tsarin barga haka yake: mai doki a sama, sai mahayi, wato mai hawa ranar sukuwa, sai mu masu kiwo. Ni ne mai kiwon Hadari: wanka, dusa, harawa, kanwa, sharar turke. Baƙi ne wuluk, in na goge shi da safe har fuskata nake gani a wuyansa. A lokacin ina sayen ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a bakin tashar jirgi, ina lallaɓa su da ɗan Turancina, kuma na yarda da su ƙwarai. Na ɗauka duk mutumin kirki, shafin ƙarshe nasa ne.

Tanko shi ne mahayinmu, mutumin Funtuwa, siriri, mara yawan magana. Ba ya dukan doki. Kwanciya yake yi a wuyansa yana yi masa raɗa, kamar saurayi a zance.

Wata rana bayan azahar muna zaune gindin mangwaro, sai Emeka direban Mai Lofe ya zo da tsohuwar jaridar Ingila da maigida ya yar. Ya shimfiɗa ta a gabanmu, ga hoton wani Bature riƙe da kofi.

"Ku zo ku ga wanda ya fi kowa hawan doki a duniya," in ji shi.

Na ce, "Wannan ɗan tsurut ɗin? A ba shi Hadari ba sirdi mu gani. Ga wanda ya fi kowa nan zaune yana gyaran linzami."

"Aboki, kai soyayya ka sani. Kofi ake dubawa. Wa ya san Tanko a Ikko ma, balle London?"

Kukun gidan ya leƙo ya ce duk ƙarya muke, babu kamar Buzayen Azbin, shi da idonsa ya gani. Musu ya kaure, kowa na rantsuwa. Sai Tanko ya ɗago ya dube ni.

"Malam Isa na littafi, kai ma ka ɓata. Wanda ya fi kowa yana Funtuwa, idanunsa sun kusa tafiya. Baba Sidi. Shi ya ɗora ni a kan doki tun ƙafata ba ta kai likkafa ba. In ya hau, dokin ba ya sanin an hau shi."

Emeka ya yi dariya, sannan ya naɗe jaridarsa a hankali. "To ka ce wa Baban naka ya dage da addu'a. Ni na kai oga gidan waya jiya. Ya aika Ikko a shirya masa mahayi wanda Turawa suka koyar. Ya ce Asabar mai zuwa gwajinka ce. Ka ci, ka zauna. Ka faɗi, ka tafi."

Tanko ya ci gaba da gyaran linzaminsa. Da yamma ya je tasha, ya ba wani ma'aikacin jirgi saƙon baka zuwa Funtuwa, a roƙa masa addu'a kawai.

Sai na bayyana wa wanda bai san sukuwar Turawa ba wata doka. Kafin a tashi, ana ɗora mahayi a sikeli da sirdinsa. In bai kai nauyin da aka yanka wa dokinsa ba, a cika da dalma. Bayan an gama, wanda ya ci zai taho a kan dokinsa har cikin shingen sikeli. Ba ya sauka a hanya, ba ya taɓa kowa, sai alƙalin sukuwa ya ba shi izini, a sake auna shi. Wai don kada ya yar da dalma a wajen gudu, wani ya miƙa masa wata. Tanko ya san wannan doka kamar sunansa.

Ranar Asabar muka ja Hadari zuwa filin da Turawan kamfanoni suka share a bayan Kakuri. Turawa a rumfa, mu a bakin igiya. Ba zan ja ku da labarin gudun ba. A kwanar ƙarshe Hadari na baya, na ga Tanko ya kwanta ya gaya masa abin da yake gaya masa, dokin ya miƙe kamar an yaye masa wani nauyi. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Emeka, mai jaridar London, shi ya fi kowa ihu, har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na ce a raina, ga shafin ƙarshe ya zo.

Tanko ya juyo da doki ya nufi sikeli. Saura kaɗan ya shiga shinge, sai ga wani tsoho ya ratso igiya da sanda, ya tsaya a tsakiyar hanya yana lalube da ido. Baba Sidi ne. An roƙe shi addu'a, shi kuwa ya hawo jirgi ya zo da kansa.

Na yi ihu, "Tanko, sikeli! Sikeli tukuna!"

Ya ji ni, don ya dube ni. Amma ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai ratsa wanda ya rene shi yana bisa doki, tsohon yana ƙasa? Ya zame daga sirdi, ya durƙusa. Tsohon ya dafa kansa.

Nan take aka kaɗa ƙararrawa. Alƙalan suka haɗa kai ɗan lokaci, aka ba doki na biyu kofi.

Mai Lofe ya taho fuskarsa ja wur. Emeka ne ya yi tafinta.

"Oga ya ce, ba ka san doka ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ya ce to me ya sauke ka?"

"Ubana ne a tsaye."

Emeka ya ƙara nasa roƙon, ya ce a auna shi yanzu a gani, dalmar na nan ba a taɓa ba. Mai Lofe ya ce ba ya shakka, ya san Tanko ba mai cuta ba ne, amma shi mahayi yake nema wanda zai kawo kofi gida. Ya juya ya koma rumfa.

Baba Sidi bai fahimci komai ba, yana can yana shafa ƙirjin Hadari. Da Tanko ya dawo, ya tambaye shi, "Ɗana, ka ci?"

"Na ci, Baba."

"Na ji a ƙasa. Na ji tafiyar dokin, na ce wannan hannuna ne."

Tanko ya harare mu, ni da Emeka, muka kama bakinmu. Washegari ya saka tsohon a jirgi, ya dawo ya kwashe tabarmarsa daga barga. Ya samu dako a wajen ginin masaƙa. Na sha ganinsa da buhun siminti a ka, in mun wuce da dawakai sai ya juya baya.

Na so in gaya muku cewa Hadari ya ƙi cin dusa, ya ƙi kowa ya hau shi. A littattafaina haka ake yi. Hadari ya ci dusarsa sarai, kuma ya ci kofi da mutumin Ikko. Emeka bai sake kawo jarida gindin mangwaro ba, ni ma ban sake tsayawa wajen mai littattafai ba.

Har yau in kuna musun wanda ya fi kowa hawa a duniya, kun ga ba na sa baki. Na san nawa, kuma na san inda ya ƙare. Wannan aiki namu ba ya ƙin mutumin kirki, ba ya dai jiransa ne ya gama gaisuwa. Shi ya sa duk sabon mahayin da aka kawo mini, kafin in nuna masa sirdi nake koya masa dokar sikeli. Sannan in ja shi gefe in gaya masa abin da nake jin kunyar faɗa: ranar sukuwa, ka ce wa tsofaffinka su zauna a gida.