Ranar da Nababa Ya Samu Ɗaki

Nababa ɗan Zariya ne, da digirinsa, amma a Doha gadin wani gini yake yi a Lusail. Burinsa ɗaya ne, ya ci jarrabawar shiga makarantar lauyoyi ta Amurka. Tun zaman kullen korona ya duƙufa, har abokan ɗakinsa suka laƙaba masa Barista.

Tambayoyin da ya fi ba ƙarfi su ne na gano zato. Za a kawo maka hujja, a ce nemo abin da mai maganar ya jingina a kai bai faɗa ba. Dabarar ita ce ka ƙaryata abin, in hujjar ta rushe, to shi ne. Nababa ya ƙware har ya fara ba mutane haushi. Ka ce motar kamfani za ta zo da wuri, sai ya ce, "Wato ka ɗauka direban ya tashi."

Annoba ta mayar da jarrabawar kan kwamfuta, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Sharaɗin shi ne kai kaɗai a ɗaki, ba magana da kowa. Masu tsarin sun ɗauka kowa na da ɗakin kansa. Su Nababa kuwa shida ne, gado kan gado, a masaukin leburori da ke bayan kasuwar Asian Town. Haka ya yi ta ɗagewa, ya gaji tilis, har gasar kofin duniya ta zo. Tana ƙarewa kwangilarsa za ta ƙare, in ya koma gida kuma ba shi da halin rubuta jarrabawar.

Sai ya dace, jarrabawar ta faɗo ranar wasan Ghana. Kowa ya tafi kallo, ɗaki ya zama nasa.

Yana tsakiyar amsa tambayoyi, Bawah, dattijon ɗakin, mutumin Zangon Kumasi, ya tuna Barista bai ci komai ba. Ya baro kallo. Ya san sharaɗin, don haka bai shiga ba, ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji Nababa. Bakinsa ya riga shi.

Nan take tambayoyin suka ɓace. Mai sa ido ya rubuto cewa an ji yana magana da wani, an soke zaman. Nababa ya daɗe yana kallon allon, ko ƙarfin yin fushi babu. Ya tashi ya buɗe ƙofa.

Bawah na riƙe da kwanon shinkafa da wake. "Ban shiga ba fa, Barista," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yalla, maza koma ka gama."

Nababa ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya.