Tokar da Jummai Ta Watsar

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi a shekarun nan, ko bai san fuskar Inna Uwani ba, ya ci wakenta. Shekara ashirin da shida ta yi tana goge daɓen asibiti, da ta ajiye aiki sai ta tare a ɗan filin bayan ɗakinta, wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyar ba. Maƙwabta duk sun mai da nasu shaguna, ita ta ce ba da ita ba. Wake take shukawa, ja wur, ƙanana, da ɗan farin ido, ga garɗi. Mahaifiyarta ce ta ƙulle mata irin a bakin zane ranar da ta baro ƙauyensu. Ka zaga kasuwar Tarauni kaf ba za ka sami irinsa ba, can ƙauyen ma ya ɓace tun shekarar fari.

Kowace kaka da hannu take ɓare shi, ba ta yarda a buga da sanda. Sai ta zaɓi rabin mudu na iri, ta cuɗe da tokar murhu saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta toshe bakinsa da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Inna ta tafi suna Unguwa Uku. Ta bar gida hannun Jummai, amaryar autanta Isyaku, nas ce, tashin Legas. Yarinya ga kirki, amma tsafta, kai, har ta yi yawa! Ana ta rantsuwar kama mulki a rediyo, ita tana ta yi wa ɗakin surukarta kwalima. Ta jawo tulu, ta ga wake cikin toka, ta ce wannan ƙazanta daga ina? Ta tankaɗe, ta wanke tas, ta dafa wake da shinkafa, ta raba wa maƙwabta na murna.

Da la'asar Inna ta dawo, aka ajiye mata kwano. Tana buɗewa ta ga jan wake, ta ɗago kai.

"Jummai, ina kika samo waken nan?"

"A tulunki, Inna. Duk ya yi toka, na gyara miki."

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta rufe kwanon ta ce, "Ina tokar?" Jummai ta nuna gindin katanga, inda kaji suka riga suka tone. Tsohuwar nan ta durƙusa tana tankaɗe ƙasa har aka kira magariba, ko ƙwaya ba ta samu ba. Ranar ta yi kukan mahaifiyarta sabo, shekara talatin bayan rasuwarta.

Bayan mako uku aka yi ruwa mai ƙarfi. Jummai za ta fita aikin safe ta hangi tsiro huɗu a gindin katangar. Ta ƙwala wa Inna kira. Inna ta duba, ta ce, "Wake ne. Amma a nan kowa ke watsar da tsintar wakensa. Ganye ba zai gaya mana na wa ne ba, sai an ɓare."

To, jira ya kama su. Akuya ta cinye ɗaya, ɗaya ya bushe. Jummai ta kewaye biyun da kara, ta lulluɓa tsohon gidan sauro. In ta taso daga aiki, kafin ta cire takalmi sai ta je ta duba. Isyaku ya riƙa tsokanarta wai ko marasa lafiyarta ba sa samun irin wannan jinya. Biyun nan kuwa, ikon Allah, suka yi yaɗo suka haye katanga, suka yi fure, suka zuba 'ya'ya har maƙwabta na leƙowa kallo.

Da 'ya'yan suka bushe, Inna ta tsinko kwanso ɗaya ta zauna a tabarma da faifai. Hannun da ya ɓare wake shekara arba'in, yau ya kasa ɓare wannan. Ta miƙa wa Jummai.

"Ɓare min, 'yata."

Jummai ta matsa da babban yatsa. Ƙwaya goma sha ɗaya suka gangaro kan faifai, ja wur, kowace da farin idonta. Inna ta daɗe tana kallonsu cike da mamakin Ubangiji, bakinta na motsi. Daga baya ta share ido ta ce, "Tashi ki ɗebo toka."

Jummai ko fararen kayan aikinta ba ta tsaya cirewa ba. Ta durƙusa gaban murhu, ta zura hannu biyu cikin toka har gwiwar hannu.