Safayar Kawu Direba

Kawu Direba ya tsufa a kan sitiyarin jif mai ja da taya huɗu, bai taɓa jefa kowa a rami ba. Tayoyinsa kuwa, amininsa mai faci kaɗai ke taɓa su tun suna samari.

Ranar da tayar baya ta fashe a gangare, matarsa na gefensa, bai danna birki ba. Ya riƙe sitiyari gam har motar ta lafa, ya tokare ta da duwatsu. Da ya sauko da safayar taya, sai ya ga an musanya masa sabuwarsa da wata suɗaɗɗiya, ko iska babu.

"Malam, lafiya?" in ji matar.

"Lafiya lau," ya ce.

Har yau suna gaisawa da mai facin, amma daga cikin mota.