Inna Hurera, Duwan ɗin Unguwarmu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar surukata, Inna Hurera, kuma har yau idan aka ambace ta a gidanmu na Malanville, dariya ce ke riga hawaye zuwa. An saba jin matar ɗa tana kuka da uwar miji. Ni kam kewar tawa nake yi.

Inna matar masunci ce, a bakin kogi ta girma, ba ta tsoron ruwa ko kaɗan. Amma a cikin gida, ko bokiti ta gani da sauran ruwan wanki sai ta zubar ta kife shi. Takan ce kogi kowa ya san shi, kowa yana kiyaye shi. Ruwan baho ne ke cin yaro, don ba mai zarginsa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Rijiyarmu ma da katakon tsohon jirgin marigayi mijinta ta sa aka yi mata murfi, ta ce jirgi ya gama ɗaukar kifi, sai ya koma tsaron jikoki.

Maigidana shi ne autanta. A lokacin kabu-kabu yake yi, daga kasuwa zuwa gadar kan iyaka, wani lokaci har Gaya, kuma yakan sayo esansi, wato fetur, a kwalbar lemo ya ajiye bayan ƙofa. Wata rana da hantsi ina daka, Inna tana tsintar shinkafa, sai muka ga Zali, ɗiyata da ta fara tafiya, zaune bakin ƙofa rungume da kwalbar. Ta riga ta zare tsumman da aka toshe bakin da shi. Taɓarya ta suɓuce mini. Inna ba ta yi ihu ba, don ta san in yaro ya ga za a ƙwace masa abu, baki yake fara kai shi. Sai ta miƙa hannu tana murmushi.

"Haba ƙawata, ke ɗai za ki sha? Ba ki sam min?"

Zali ta tashi tana tangaɗi ta kai mata. Inna ta karɓi kwalbar ta mayar da tsumman ta toshe bakin.

Da maigida ya dawo cin abincin rana, ya tarar da tuwonsa a rufe, kwalbar esansi a gefe inda ake aje masa ruwa.

"Inna, mi ke nan?"

"Ruwanka na, Auta. Na gan shi inda ɗiyarka ke kai hannu, na ce ai abin sha na."

Bai ci tuwon ba. Ya ɗauki Zali ya daɗe riƙe da ita, sannan ya fita neman magini. Kafin Juma'a an yi ɗan ɗaki a bayan gida, nesa da murhu, an sa masa kwaɗo. Esansi, maganin ƙwarin gonar albasa, maganin ɓera, duk can suka koma.

Inna ba ta tsaya a gidanmu ba. In ta je barka ko gaisuwa, kafin ta zauna sai ta leƙa bayan ƙofa da ƙarƙashin gado. Ta ɗauke ashana ta ɗora bisa katanga, ta janye murhun gawayi daga hanyar masu rarrafe. Matan unguwa suka sa mata suna Duwan, wato kwastan, wai bincikenta ya fi na bakin gada. Sunan ya yi mata daɗi ƙwarai. Tun daga zaure za ka ji ta: "Duwan ta iso, a hito da kayan laifi!" A yi ta dariya, kuma a fito da su. Ban taɓa jin wadda ta yi fushi ba, don Inna ba ta gyara mutum sai ta fara sa shi dariya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da gidajenmu na yau. Na tabbata za ta so tukunyar gas, don hayaƙin itace ya wahalar da idanunta, amma kullum da safe sai ta sunsuna tiyon, kuma ba za ta yarda a kwana da ita a ɗaki ba. Wayoyin wuta da muke jonawa ɗaya bisa ɗaya kusa da katifa kuwa, da tuni ta tattara su a zani. Abin da zai fi ba ta haushi shi ne uwa ta duƙufa kan salula, yaro yana rarrafe wajen tafasasshen ruwa. Kayan sun sake, amma hannun yaro yana nan yadda ta san shi.

Da aka zo rabon gadonta, ba a daɗe ba aka tashi, don kayan ba su da yawa. Babban rabon ba ya ɗaukuwa a hannu. Jikokinta sun girma, wasu suna noma a Guéné, wasu suna kasuwa a nan, kuma in sun taru ranar Salla ba wanda ake cewa da yana raye da ya kai shekara kaza. Duk wanda ta goya yana nan, ya zo da nasa goyon. Allah ya sa kabarinta ya fi kowane ɗaki da ta gyara mana aminci.