Jar Wuta a Ƙofar Ɗaki Na Bakwai

Mode ya shekara ashirin da shida yana tsaron kanta a masaukin baƙi na Alhaji Mainasara da ke Goronyo, gefen hanyar da ta nufi madatsar ruwa. Ni malamin gona ne. Aikin noman rani yake kai ni garin duk shekara, kuma a nan nake sauka, shi ya sa na san shi. Dogo ne siriri, yana tafiya a ɗan karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

Asalinsa mutumin Maikujera ne, a ƙasar Rabah. Yana da shekara goma sha tara ya bar gonar geron mahaifinsa ya zo Goronyo, lokacin da ake ginin madatsa. Shekara biyu yana ɗaukar kwanon siminti a ka, har ranar da ya zame daga kan tsani bayansa ya bugu. Tun daga nan bai ƙara iya ɗaukar nauyi ba. Aka mai da shi mai gadi a sansanin ma'aikata. Da aiki ya ƙare ya yi ta gadin shaguna, ya auri Habi, suka haifi 'ya'ya biyar. Da Alhaji Mainasara ya samu a harkar albasa da tafarnuwa, ya gina ɗaki goma sha biyu don baƙi, sai ya nemo Mode, saboda an shaide shi ba ya taɓa abin wani, kuma ba ya ɗaga murya.

Shekaru da yawa aikin bai da wuya. Baƙo ya zo, Mode ya rubuta sunansa, ya miƙa masa mabuɗi, ya nuna masa inda buta take. Sai Alhaji ya tsufa, ɗansa Abdulƙadiri da ke zaune a Sakkwato ya karɓi kula da wurin. Wata Asabar ya zo da mutum biyu, suka cire makullan ƙofofi duka suka sa na kati. In ka kara katin a jikin ƙofa, 'yar koriyar wuta ta kama, sai ta buɗe. Suka ajiye wa Mode kwamfuta da wata 'yar na'ura a kan kanta, aka koya masa a yini ɗaya: aza kati, danna lambar ɗaki, danna yawan kwana. Kowace ƙofa tana da mabuɗin ƙarfe na ko-ta-kwana, amma Abdulƙadiri ya zuba su a aljihun mota ya tafi da su Sakkwato, wai kada a yi wasa da su.

Wata huɗu abin ya tafi daidai. Da bazara ta kama, sai jar wuta ta fara. Wani lokaci baƙo ne ya haɗa katin da waya a aljihu ɗaya. Wani lokaci an ɗauke wuta ne agogon kwamfuta ya rikice, kati ya mutu da ƙarfe goma na safe alhali mai shi yana da sauran kwana biyu. Wani lokaci kuma babu wanda ya san dalili.

Mode ya ce da ni tun daga takun ƙafa yake gane wanda ƙofa ta ƙi. Dillalan albasa sukan goga katin a riga, su hura masa iska, su sake gwadawa sau goma kafin su zo. In sun zo ba su cika faɗa ba, sai dai su ce a yi sauri mota na jira. Wani injiniyan ruwa ya taɓa tsayawa rabin awa yana yi masa bayanin abin da ke cikin katin, Mode yana gyaɗa kai, a ƙarshe dai tare suka tafi ƙofar ta sake ƙi. Masu rakiyar manya su ne masu harbin ƙofa da ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ya wurga katin a ƙirjin Mode, ya ce da shi tsohon banza. Mode ya sunkuya da bayan nan nasa ya ɗauka, ya aza a na'ura.

Akwai kuma Susanna, nas ce 'yar Kafanchan, tana zuwa duba aikin rigakafi a ƙauyuka, takan yi mako guda. Ita ba ta faɗa. Ta dawo da yamma ƙafafu sun yi futu-futu, ta ajiye katin a kan kanta ta ce, “Baba Mode, ya sake.” Sai ta zauna a benci ta cire takalmi har ya gama.

Abin da ya fi tsaya wa Mode a rai ya faru ne a wata bazara, lokacin da aka shirya wa manoman rani bita ta kwana uku a kan rabon ruwa. Ina cikin masu koyarwa. An kama ɗakunan masaukin duka, ban da na Susanna. Cikin manoman akwai Malam Lawwali daga Rimawa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda manoman yankinsu suka zaɓa ya riƙa raba musu ranakun ban ruwa, don ba a taɓa jin ya zalunci kowa ba. Bai taɓa kwana a masauki ba. Aka ba shi ɗaki na bakwai. Daren farko Mode da kansa ya raka shi ya nuna masa yadda ake kara katin, ƙofa ta buɗe, ya yi murmushi.

Kashegari aka tashi daga zaman safe da azahar. Malam Lawwali ya yi salla, ya koma ɗaki don ya ɗauko takardar abincinsa da maganinsa. Ya kara kati, jar wuta. Ya sake, jar wuta. A karo na uku ko wutar ba ta kama ba. Ya waiga ya ga mutane suna ta shige da fice a ɗakunansu. Sai ya sa katin a aljihu, ya zagaya bayan ginin ya zauna a ƙarƙashin dogon yaro.

Bai ci abinci ba, bai koma zaman rana ba. Mu kuma a zauren bita muka ɗauka yana hutawa.

Bayan la'asar Susanna ta dawo daga ƙauye, ta zagaya baya don ta kwashe shanyarta. Ta same shi jingine da itace, gumi ya jiƙa masa riga. Ta tambaye shi, ya ce yana da ciwon suga da hawan jini, tun kokon safe bai sa komai a baki ba. Ta kawo masa lemo da dabino, ta jira ya ɗan dawo hayyacinsa, sannan ta riƙo hannunsa zuwa kanta.

Mode ya miƙe. “Malam Lawwali, lahiya? Mi yas same ka?”

“Tun azahar yana bayan gida, Baba,” in ji Susanna. “Ƙofarsa ta ƙi buɗewa.”

“To mi yas sa ba ka zo ka hwaɗa min ba?”

Malam Lawwali ya fito da katin ya ajiye a hankali, bai ɗaga kai ba. “Cewa niy yi ni nil lalata shi. Na ga kowa na buɗe nashi. Nic ce bari in dakata hal mutane su rage.”

“Ba laihinka na ba. Kullum haka shika yi. Ko nas ɗin ga, tambaye ta.”

“Jiya ma sau biyu,” Susanna ta ce.

Dattijon ya gyaɗa kai, amma da gani bai yarda ba. Ya ɗauka suna rufa masa asiri ne.

Mode ya sabunta katin suka tafi tare. Babu ja, babu kore. Batirin makullin ne ya ƙare, kuma daga cikin ɗaki ake canza shi. Taga tana da ƙarafa. Mode ya koma kanta ya kira Abdulƙadiri, ina tsaye a wurin lokacin, don labari ya kai zauren bita.

“Baba Mode, kak ka taɓa ƙohwar nan,” Abdulƙadiri ya ce a waya. “Gobe da sahe in ba direba mabuɗin. A sa shi wani ɗaki.”

“Babu ɗaki. Kuma maganinai na ciki.”

“A sayo mai wani mana.”

Susanna ta tambayi Malam Lawwali sunan maganin. Ya ce fari ne ƙarami, da wani mai ruwan ɗorawa, ɗansa ke sayo masa. Ta girgiza kai ta ce ita ba za ta yi cinta da lafiyar mutum ba, sai ta ga kwalin.

Mode ya maimaita wannan a waya. Abdulƙadiri ya ce yana cikin taro, zai kira. Muka jira minti ashirin. Mode ya kira sau biyu ba a ɗauka ba. Sai ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita. Ya dawo da kafinta.

Aikin bai yi sauƙi ba, don makullin yana da ƙarfi. Kafinta ya sa guduma da ƙarfe, ƙarar ta cika gidan. Manoma suka fito daga ɗakuna suka yi cirko-cirko a baranda, wasu suna ba da shawara, wani yana ɗauka a waya. Ana ta tambaya, ɗakin wa ne, ana cewa na Malam Lawwalin Rimawa. Shi kuwa yana zaune a benci, ya haɗa hannu a cinya, idonsa a ƙasa. Mode ya gaya mini daga baya cewa a lokacin ne ya gane ya kamata ya fara kai shi ɗakin wani ya zauna. Hankalinsa duk yana kan ƙofa.

Da katakon ya tsage ƙofa ta buɗe, Susanna ta shiga ta ɗauko ledar magani, ta duba, ta ba shi, ta tsaya har ya ci tuwo. Da ya gama ya shiga ya naɗe dardumarsa, ya ɗauki jakarsa.

“Ina za ka, Malam?” Mode ya tambaya. “Yanzu za a aza sakata da kwado. Ka kwana lahiya lau.”

“Gida za ni. Ku yi min aikin gahwara, na jawo muku ɓarna.”

Na sa baki, na ce saura kwana ɗaya, kuma gobe ne za a yi maganar yankinsu. Ya ce in ba wani takardun ya kai masa. Mode ya raka shi har bakin hanya yana ta ba shi haƙuri, shi ma yana ba Mode haƙuri. Ya hau babur ɗin haya kafin magariba ya tafi Rimawa.

Bayan kwana biyu Abdulƙadiri ya zo. Ya daɗe tsaye yana kallon tsagaggen katakon da kwadon da aka maƙala. Ya yi magana mai tsawo, ya ce duk masaukan birni haka suke, in ana son manyan baƙi dole a tafi da zamani, kwado a ƙofa abin kunya ne. Mode yana tsaye dafe da ƙugu. Da Abdulƙadiri zai tafi ya je mota ya ɗauko mabuɗan ƙarfen ya ajiye a kan kanta, ya ce a kulle su a durowa, kada a fito da su sai dole. Makon da ya biyo aka gyara ƙofar aka sa mata sabon makullin kati.

Tun daga nan Mode ba ya jira a zo a same shi. In ya ga baƙo ya wuce kanta ya nufi ɗakuna, sai ya tashi ya bi shi a baya, ya tsaya daga nesa har ya ji ƙofa ta buɗe. Ɗaki goma sha biyu, kowa yana shiga yana fita yini guda. Wasu baƙin ba sa son haka, suna ganin sa ido ne. Da yamma Habi takan dafa ruwa ta gasa masa bayan.

Ya aika wa Malam Lawwali gaisuwa sau biyu ta hannun wani direban albasa. An dawo masa da amsa cewa yana lafiya, yana godiya. Da aka sake kiran bita a shekarar da ta biyo, mutanen Rimawa suka turo wani.

Babban ɗan Mode yana noman shinkafa a fadamar Wurno, ya gina masa ɗaki a gidansa, ya daɗe yana cewa ya ajiye aikin ya dawo. Zuwana na ƙarshe na tambayi Mode yaushe zai tafi. Ya ce sai bayan an yanke alkama. Na tuna masa bara ma haka ya ce.

“Awo,” ya ce. “To wa za a aza nan? Duk wanda anka kawo, wata guda shi gudu.”

Muna cikin maganar wata mota ta tsaya a ƙofar gida, mutum uku suka sauko da jakunkuna. Mode ya dafa kanta ya miƙe a hankali, ya jawo littafin sunaye.