Hoton da Yaya Ta Ɓoye a Gwangwanin Alewa

Lokacin da wannan abu ya faru ni amarya ce 'yar shekara ashirin, haifaffiyar Jidda, muna zaune da mijina a saman wani tsohon gida a unguwar Ammariyya. Kakannina ne suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, don haka Najeriya a wurina labari ce kawai. Sana'ata ƙunshin amare, amma in faɗi gaskiya an fi sanina da surutu. Mahaifiyata kan ce bakina yana riga hankalina tashi daga barci. Yanzu na tsufa, jikokina ma da ƙyar suke mayar mini da Hausa, shi ya sa na ga gara in rubuto muku wannan tun ina da sauran gani.

A ƙasan gidan akwai wata tela da nake kira Yaya, ta girme ni da shekara goma ko fiye. Daga Najeriya ta zo. Mijinta dattijo ne Bahaushen Sudan, mai sayar da turare da carbi a kasuwar Balad, mutum ne da sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba. Ita ke ɗinka kayan amaren unguwa, ni in yi musu ƙunshi, kullum muna tare. Ita ta koya mini kaɗa miyar kuka idan alhazai sun kawo mana tsaraba, ita ta riƙe ni lokacin laulayin cikina na fari. Doguwa ce baƙa, idan tana tafiya sai ka ce tulu ta ɗauko a ka ba ta son ya zube.

Wata rana da la'asar muna duba wata mujallar Lubnan da masu kawo ɗinki suka zo da ita don a kwafi salon riga, sai muka ga hoton sarauniyar kyau da kambi a ka. Na ce ai wannan harkar fararen fata ce. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tashi ta tura ƙofa, ta zaro gwangwanin alewa daga ƙasan akwatinta. A ciki akwai guntun jarida da ya yi ja don tsufa. 'Yan mata ne a jere, ita ce ta uku daga dama, da lamba maƙale a ƙirjinta.

Ta ba ni labari cewa gab da samun 'yancin kan Najeriya tana aiki a kantin yadi a Jos, sai wata jarida ta ce 'yan mata su aiko da hotunansu, za a zaɓi sarauniyar kyau ta ƙasa baki ɗaya. Ƙawarta ce ta aika nata da wasa, sai ga takarda an kira ta Ikko, wato Legas. Ta shiga jirgin ƙasa ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ta ce a wani babban zaure aka yi, ana kaɗe-kaɗe, suka zaga gaban alƙalai da atamfa, suka sake zagawa da doguwar riga. Ta zo ta uku, aka ba ta keken ɗinki. Kafin ta koma, jaridar ta riga ta isa hannun mahaifinta, ya aiko cewa kada ta sake taka ƙofar gidansa. Har ya rasu ba su gana ba. Gwaggonta ce ta taho da ita hajji, ita kuwa Yaya ta zauna a nan har ta yi aure. Tana ba ni labarin tana murmushi, ta kuma roƙe ni in bar shi a cikina, domin mijinta bai sani ba. Na rantse mata.

Ban cika wata biyu da yin rantsuwar ba. A wani gidan biki, muna cikin taron mata, wata Hajiya mai ji da kanta ta ɗaga rigar amarya da Yaya ta ɗinka ta taɓe baki, ta ce me baƙauyiya daga Najeriya ta sani a kan kwalliya. Yaya ba ta wurin. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce wannan da kike rainawa ta tsaya a gaban ƙasa guda an tafa mata, har a jarida an buga ta. Wallahi don in kare ta na faɗa. Sai da na ga ɗakin ya yi tsit na san abin da na aikata.

Kafin Juma'a labarin ya yi ƙafafu. Aka ce rawa ta yi wa Turawa ba sutura, aka ce gidan giya aka tsinto ta. Iyayen amare suka riƙa aikowa ana karɓe yadinsu, wasu har an yanka. A bakin masallaci aka tare mijinta aka gaya masa. Na sauka da kuka na ƙwanƙwasa ƙofarta, ta buɗe ta dube ni, ba zagi ba faɗa, ta ce halas, wato shi ke nan, in koma sama. Wata huɗu muna gida ɗaya, ina jin ƙarar kekenta jefi-jefi ta ƙarƙashin ƙafata, ba ni da fuskar sauka. Kullum ina jiran in ji an ce ya sake ta, kuma na san ba ta da inda za ta nufa.

Ranar da naƙuda ta kama ni da hantsi, mijina yana wurin aiki a tashar jiragen ruwa, ita ce ta jiyo nishina ta hawo da gudu. A hannunta na haihu. Bayan kwana biyu tana gasa mini jiki na kama hannunta na ce ta yafe mini. Sai ta ba ni labarin ranar da mijinta ya dawo daga masallaci. Ta ce ya zauna bai ci abinci ba, ya ce ta kawo hoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ita kuwa tana tsaye ta riga ta fara tunanin abin da za ta ɗaure a ƙunshin kayanta. Can ya tambaye ta ta nawa ta zo, ta ce ta uku. Ya girgiza kai ya ce lallai alƙalan nan makafi ne, ya miƙa mata hoton, ya ce a zubo masa abinci.

Na yi dariya ina hawaye, na ce to ashe ma alheri na yi. Ta daina gashin ta dube ni. "Ƙanwata, ba ɗinkin da na rasa ne ya dame ni ba. Shekara goma sha ɗaya ina neman ranar da zan gaya masa da bakina. Kika bari ya ji a bakin titi."

Ɗinki ya dawo a hankali, don babu mai hannunta a unguwar. Muka zauna tare shekaru masu yawa, da ta rasu ni na yi mata wankan gawa. Ta yafe mini tun a ranar, amma waccan rana da take tanadi ban iya mayar mata da ita ba.

Ina kira ga 'yan'uwana mata, musamman masu zafin kishin ƙawayensu irina. Idan aka ba ki amanar magana, ba taki ba ce ko da yabo za ki yi da ita. Mai labari shi ya san ranar da zai faɗa da wanda zai faɗa wa. Allah ya jiƙan Yaya da mijinta, ya sa su a inuwa ɗaya.